Likita Na Amsawa: Duhu a Tsakiyar Ƙari

Tambaya: Likita, mahaifiyata na da ƙarin meningioma a ka, wato ƙarin da ke fitowa a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Bayan an toshe jijiyoyin da ke ba shi jini, hoton MRI ya nuna tsakiyarsa ya yi baƙi. Abin ya ƙara muni ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Allurar gadolinium da ake yi kafin hoton, jini ke kai ta cikin ƙarin har ya fito fari tas. Inda jini ya yanke ba ta isa, sai wurin ya yi duhu, alamar naman ya fara mutuwa. Abin da ake so ke nan, don rage zubar jini ranar tiyata. Sai dai ƙarin kan kumbura a kwanakin farko. In ciwon kan Mama ya tsananta ko tana amai, ku garzaya asibiti.