Amsa ga ɗana a kan al'adar jadawalin waƙoƙi a Ingila

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Ka ce tun da watan Disamba ya kama, abokan karatunka a Manchester ba su da zance sai na waƙar da za ta zo ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a makon Kirsimeti, har dattawan malamanku suna iya lissafo waɗanda suka riƙe wannan matsayi shekara da shekaru da suka wuce. Ka tambaye ni asalin wannan al'ada, da ko gaskiya ne mawaƙan yau sun zarce na da, tun da kullum ana shelar wane ya kafa tarihin da ba a taɓa kafawa ba, sannan ka ƙara da tambayar dalilin da ya sa mu a gida ba mu tashi da irin wannan lissafi ba. Tun da na zauna a can a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da abin yake kan ganiyarsa, zan faɗa maka abin da na gani da abin da na sani.

Dole a fara da faifan kansa, domin shi ake ƙirgawa. A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, wanda yake juyawa sau 45 a minti guda, kuma a hankali ya maye gurbin tsohon faifan garmaho mai juyawa sau 78, wanda yake da nauyi, ga saurin fashewa. Waƙa ɗaya ce a kowane gefe, tsawonta wajen minti uku; ta gaba ita ce kamfani yake tallatawa, ta baya kuwa rakiya ce, ko da yake wani lokaci takan fi ta gaban farin jini. A tsakiyar shekarun 1960 ana sayar da shi sule 6 da kwabo 8, wato uku a fam guda, alhali babban faifai mai waƙoƙi goma sha wani abu yakan ci kuɗin ƙanana huɗu ko biyar. Saboda haka ƙaramin shi ne abin da ɗan makaranta ko yarinya mai aikin kanti za su iya saya da ɗan abin da ke hannunsu ranar Asabar, kuma duk wanda ya saya sai da ya zaɓi ɗaya ya bar sauran. Ka riƙe wannan, domin a kansa sauran bayanin ya tsaya.

Jadawalin farko a Ingila ya fito ranar 14 ga Nuwamba, 1952, a jaridar New Musical Express. Wani ma'aikacinta mai suna Percy Dickins ya buga wa kantuna kimanin ashirin waya ya tambaye su faifan da suka fi sayarwa, ya haɗa amsoshin ya jera matsayi 12, Ba'amurke Al Martino ya zo na ɗaya. Manufar jaridar ita ce ta jawo masu talla da masu karatu, ba wani abu ba. Da sauran jaridu suka ga abin ya karɓu, sai kowace ta buɗe nata, kowace da kantunan da take tambaya, shi ya sa har yau ake gardama a kan wasu makonni na wancan zamani. Misali, faifan da mawaƙan ƙungiyar Beatles suka fitar a farkon 1963 ya zo na ɗaya a New Musical Express da Melody Maker, amma ya tsaya na biyu a Record Retailer, kuma lissafin Record Retailer ɗin ne daga baya aka ɗauka a matsayin na hukuma, don haka a littattafan tarihi faifan bai taɓa zama na ɗaya ba, duk da cewa mutanen da suka rayu a lokacin za su rantse maka ya zama. Sai a watan Fabrairu na 1969 BBC da masu harkar faifai suka ɗauki kamfanin binciken kasuwa guda ɗaya, aka ware kantuna kimanin 250 a faɗin ƙasar, mai kanti ya riƙa rubuta lambar duk faifan da ya sayar a littafi da hannunsa, a aika da littafin a ƙarshen mako.

Abin da ya mayar da wannan lissafin 'yan kasuwa al'ada shi ne yadda ya raba kwanakin mako. A zamanin da nake can, ranar Talata da tsakar rana gidan rediyon BBC Radio 1 yake sanar da sabon jeri, yara su ɓoye ƙaramar rediyo a jakar makaranta don su ji lokacin hutun cin abinci. Ranar Alhamis da daddare sai shirin talabijin na Top of the Pops, wanda aka fara ranar 1 ga Janairu, 1964, a nan Manchester da kake, cikin wani tsohon ginin coci. Ƙa'idar shirin ita ce waƙar da take gangarowa ba a sa ta, wadda take ta ɗaya kuwa da ita ake rufewa ko da mako nawa ta yi a wurin. Tashoshin talabijin uku ne kacal a ƙasar kafin 1982, kuma yawancin gidaje akwati ɗaya gare su, saboda haka uba da uwa da 'ya'ya tare suke kallo, uban yana ƙorafin sutura da gashin mawaƙan, 'ya'yan suna roƙon a yi shiru. Ranar Lahadi da yamma kuma rediyo ya bi jerin daga ƙasa zuwa sama, matasa su zauna da kaset, yatsa a kan maɓalli, suna ƙoƙarin naɗar waƙar kafin mai gabatarwa ya sa baki. A 1987 aka mayar da sanarwar kanta ranar Lahadi, a 2015 kuma ta koma Juma'a. A ganina wannan jiran da dukan ƙasa take yi a sa'a guda shi ne abin da dattawan malamanku suke kewa, fiye da waƙoƙin kansu, waɗanda da yawansu ba su taka kara sun karya ba.

Makon Kirsimeti ya fita daban ne saboda shi ne makon da aka fi ciniki a shekara, kuma faifai kyauta ce mai araha da kowa zai iya bai wa ƙane ko jika. Wanda bai san abin da yaro yake so ba sai ya ba shi katin da zai kai kanti ya musanya da faifan da ya zaɓa. Beatles sun riƙe matsayin sau huɗu a shekarun 1960 ba tare da an yi wani surutu ba. Gasar da kake gani ta samo asali ne daga 1973, lokacin da ƙungiyoyin Slade da Wizzard suka fitar da waƙoƙin da aka tsara musamman don bikin, Slade ta yi nasara. Daga nan kamfanoni suka fara shirya wa makon tun da kaka, gidajen caca kuma suka shiga karɓar kuɗi a kan wanda zai ci, wanda shi ne ɓangaren da ba sai na gaya maka ka nisance shi ba. A 1984 mawaƙa da dama suka haɗu ƙarƙashin sunan Band Aid suka yi faifai don tallafa wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha; ya sayar da miliyan guda a makon farko, ya haura miliyan 3 daga bisani, ya zarce faifan Paul McCartney na 1977 wanda shi ne na farko da ya wuce miliyan 2 a ƙasar. Ba a doke faifan Band Aid ba sai a 1997, da faifan da Elton John ya yi bayan rasuwar Gimbiya Diana, wanda ya kusa miliyan 5 a Birtaniya kaɗai.

Wannan mako na 1984 shi ne ya fi nuna abin da jadawali yake aunawa da abin da ba ya aunawa. A bayan Band Aid, a matsayi na biyu, akwai waƙar Kirsimeti ta ƙungiyar Wham!, wadda ita ma ta sayar da fiye da miliyan guda, amma ba ta hau na ɗaya ba sai a ranar farko ta 2021, bayan shekara 36. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2006, lokacin da kasuwar ta yi sanyi, an sami waƙar da ta zo ta ɗaya da cinikin da bai kai 20,000 ba. Jadawali yana kama da ƙidayar buhunan da suka fita daga kasuwar Dawanau a mako guda: zai gaya maka abin da ya fi gudu a wannan makon, amma ba zai gaya maka abin da ya fi yawa a rumbunan mutane ba, balle wanda ya fi daɗi a tuwo. Wanda yake son jimillar ciniki sai ya duba lambobin yabo, su ma kuma ma'auninsu ya sauya. A Amurka an fara ba da faifan zinariya a 1958 ga wanda ya sayar da miliyan guda, a 1989 aka rage shi zuwa 500,000. A Birtaniya an fara a 1973 da 250,000 don azurfa da 500,000 don zinariya, a 1989 aka sauko zuwa 200,000 da 400,000. Kenan zinariyar 1975 da ta 1995 sunansu ne kawai ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka lissafin da tsarkakakke ne. Da yake kantunan da ake ƙirgawa ba su da yawa, sunayensu kan fita duk da an ce sirri ne, sai wasu wakilan kamfanoni su tura mutane su saye faifansu a waɗannan kantunan kaɗai, ko su bai wa mai kanti kyauta ya ƙara layi a littafinsa. Shigar faifai cikin jerin yana jawo rediyo da talabijin, su kuma su jawo ciniki na gaske, don haka kuɗin da aka kashe yakan dawo da riba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1983 aka miƙa aikin ga kamfanin Gallup, wanda ya sa na'urori a kantuna. A Amurka lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin jadawalin mujallar Billboard mai matsayi 100, wanda aka fara a watan Agusta na 1958, yana haɗa ciniki da yawan sa waƙa a rediyo, kuma a 1959 da 1960 majalisar dokokin ƙasar ta binciki masu gabatar da shirye-shirye da ke karɓar na goro don su riƙa sa wasu faya-fayai. Da aka koma ƙirga ciniki ta na'urar kanti a 1991, sai aka tarar kiɗan mutanen karkara da waƙoƙin gambara na baƙar fata suna sayuwa fiye da yadda rahoton masu kantuna yake nunawa shekara da shekaru.

Game da ko na yau sun zarce na da, ra'ayina shi ne ba a kan sikeli ɗaya aka auna su ba. A da, idan mutum ya sayi faifai, sau ɗaya ake ƙirga shi, ko da zai yi ta juya shi har allura ta cinye. Tun daga watan Yuli na 2014 Birtaniya ta shigar da sauraro ta intanet cikin lissafi, aka fara da ɗaukar sauraro 100 a matsayin ciniki guda, don haka abin da ake ƙirgawa yanzu shi ne maimaitawa, kuma kowace waƙa da ke cikin kundi, wato babban faifai, tana iya shiga jerin ko da ba a fitar da ita ita kaɗai ba. Sakamakon haka Ed Sheeran ya kama gurbi 16 cikin 20 na sama a watan Maris na 2017, har aka yi dokar kada mawaƙi ɗaya ya wuce waƙa uku. A Amurka Taylor Swift ta cike goman farko gaba ɗaya a 2022. Beatles biyar na farko suka kama a watan Afrilu na 1964, amma kowane gurbi a cikinsu faifai ne dabam da aka fita aka biya kuɗinsa. Ban ce na yau ba su da masoya ba, kuma sabon ma'auni ya fi tsohon adalci ta wata fuska, tun da tsohon bai san da wanda ba shi da sule shida ba, ko gidan da mutum goma suke sauraron faifai guda.

Mu a gida kuwa, faifai ya zo mana, kamfanoni irin su EMI da Decca suna da rassa a Legas, kuma an buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da sauran manyan mawaƙa. Sai dai garmaho kayan masu hali ne, unguwa guda takan taru a kan akwati ɗaya, kuma mawaƙinmu ba da cinikin faifai yake rayuwa ba. Darajarsa tana bayyana ne a fada da gidan biki, a irin rigar da aka tuɓe aka ba shi, da doki, da mota, da kujerar Makka. Abin da ya fi kusa da jadawali a wurinmu shi ne shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna da takwarorinsa, inda yawan katunan masu neman a sa wata waƙa yake nuna wadda take tashe, amma gaisuwa ce manufar katin, ba ƙidaya ba. Da kaset ya shigo, duk mai rikoda biyu a bakin kasuwa yana iya kwafa ya sayar, ciniki ya fita daga hannun kamfanoni, manyansu na ƙetare suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar, kuma babu wani littafin kanti da za a tara a jera mako-mako.

Wassalam.

Baffanka