Jai Ho ta Indiyanci da ta Turanci, wacce ce ta cikin fim ɗin?

Tambaya: Salam malam, dan Allah a raba mana gardama ni da ƙanwata. Ita ta dage wai waƙar Jai Ho ta Turanci da 'yan matan Pussycat Dolls suka rera ita ce ta cikin fim ɗin Slumdog Millionaire, ni kuma na ce ta Indiyancin ce. Sannan wai fassara aka yi kalma da kalma ko kowa da abinda yake faɗa? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Toh ki faɗa wa ƙanwar taki ke ce da gaskiya, ta Indiyancin ce a fim ɗin. Ita ce ake sawa can ƙarshe inda Dev Patel da Freida Pinto suke rawa a tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji a Mumbai, ita da ɗan gyalenta ruwan ɗorawa, jama'a sun cika bayansu. Fim ɗin na Danny Boyle ne, ya fito 2008, A. R. Rahman ne ya yi kiɗan, Gulzar ya rubuta baitocin, Sukhwinder Singh ne ya ja waƙar tare da su Mahalakshmi Iyer da Vijay Prakash da Tanvi Shah wadda ita ce ta sa ɗan Sifaniyancin nan da kike ji a tsakiya. A watan Fabrairun 2009 fim ɗin ya kwashe lambobin yabo na Oscar har 8, biyu daga ciki na kiɗa ne da waƙa. A daidai lokacin ne aka fitar da ta Turancin da muryar Nicole Scherzinger, wadda ke ja wa Pussycat Dolls waƙa a lokacin, saboda gidajen rediyon Amurka da Ingila, kuma ta karɓu sosai shi yasa mutane da yawa ita suka fara ji har suka ɗauka ita ce uwar.

Maganar fassara kuwa, sam ba fassara bace. Waƙa biyu ce daban aka ɗora akan kiɗa ɗaya.

Jai ho ɗin kanta ma'anarta kamar ka ce nasara ta tabbata, kirari ne da ake yi da murya sama. Gulzar kuma gogaggen marubucin waƙe ne na Urdu da Hindi, ba ya faɗin abu kai tsaye sai ya zana miki shi. Yana kiran masoyi ya zo ƙarƙashin rumfar biki, ƙarƙashin shuɗin sama da aka yi wa aikin zare mai ƙyalli. Sai mai waƙar ya ce ya kwana yana rawa akan garwashi, ya hure barcin idonsa, yatsansa ya ƙone garin ƙirga taurari. Wallahi duk sanda na zo wajen nan sai na tuna Jamal ɗin fim ɗin, yaron unguwar marasa galihu da aka kashe uwarsa a rikici yana gani, ya yi bara, 'yan sanda suka azabtar da shi don kawai ya san amsar tambayoyi a gasar kacici-kacici ta talabijin, kinga in irin wannan ya buɗe baki ya ce nasara ai ba ƙaramar magana bace. Abin mamaki ma asali don fim ɗin Yuvvraaj na Subhash Ghai aka fara shirya waƙar ba a sa ta ba, amma ta zo ta zauna a nan kamar an auna.

Ta Turancin ba garwashi ba rumfa. Mace ce take faɗa wa saurayi cewa shine ƙaddararta, saboda shi take numfashi, irin waƙar soyayyar da ake sawa a gidan rawa. Jai ho ɗin kawai aka bari a amshi.

Ba wai lalaci ne yasa basu fassara ba, mu da muke aikin situdiyo mun san wahalar. Hindi tana da wasali dogo da gajere kamar Hausa, akansu ake gina karin waƙa, shi yasa mawaƙin Indiya zai kama aa ɗaya ya ja ta ya lanƙwasa ta ya sauke kalmar bata lalace ba. Turanci kuwa da nauyin gaɓa yake tafiya, in kika ja inda ba a ja sai kalmar ta fita hayyacinta. Na taɓa zama da wani yaro mai murya mai kyau yana so lallai sai ya ɗora Turanci akan wani karin Indiya, muka kai har bayan la'asar layi biyu sun ƙi zama, da ya gaji ya juya shi Hausa, ɗauka ɗaya ya shige. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa karin Indiya ya kwanta wa mawaƙanmu tun daga 'yan bandiri har na fim, kuma ki lura masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa galibi in an zo waƙa barin ta suke yadda take.

In kina son ki ji bambancin da kunnenki, sa iyafis ki saurari farkon kowacce a jere. Muryar Sukhwinder a buɗe take, da ƙarfi da ɗan kaushi kamar mai shela a fili, ana amsa masa ta ko'ina sai kiji kamar gari ne guda ya fito. A ta Turancin an matso da muryar Nicole gaba sosai kamar a kunnenki take, sauran kuwa suna can baya.

Ni dai ta Indiyancin nake so kuma bana ɓoyewa, ita ce take da labarin fim ɗin a cikinta. Amma ta ƙanwarki ma ba jabu bace, da hannun Rahman aka yi ta har a bidiyon ya fito. Ki nemo bidiyon ta Indiyancin mai fassarar baiti a ƙasa ku zauna ku kalla tare, ki tsayar mata daidai wajen garwashin nan.