Amsa kan kalmar obstacle: furuci, ma'ana da yadda ake amfani da ita

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya tambayi yadda ake furta kalmar obstacle, da kuma ko ma'anarta ɗaya ce da problem, ga abin da na fahimta a shekarun da na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare.

Kalmar gaɓa uku ce, kuma a gaɓar farko ake ɗora nauyin murya: OB-sta-kul. Wasalin tsakiya rarrauna ne ƙwarai, ana wuce shi da sauri, na ƙarshe kuwa da ƙyar ake jin sa. Mutanen Ingila suna farawa da gajeren "o", na Amurka kuma suna buɗe baki har ya yi kusa da "a", amma dukansu a farko suke danna murya. Abin da na fi ji a bakin ɗalibai shi ne "obusTAkul", kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, domin Hausa ba ta jera baƙaƙe uku ba tare da wasali a tsakani ba. Wannan ɗabi'ar ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe ce ta ba mu burodi daga bread da sukudireba daga screwdriver. Nakan sa ɗalibi ya rufe leɓɓansa a kan "ob", ya ɗan dakata, sannan ya saki "st" ba tare da ya bari "u" ta kutso ba. A kula cewa a aikatau ɗin obstruct nauyin yana komawa gaɓa ta biyu, kuma irin wannan bambancin ne ake tambaya a sashen furuci na jarrabawar WAEC.

Game da ma'ana, kalmar ta samo asali daga Latin, daga aikatau obstare, wato tsayawa a gaban abu. Saboda haka obstacle shi ne abin da ya tare hanya tsakaninka da inda ka nufa, ko icen da ya faɗi a kan titi ne ko rashin kuɗin rajista. A ganina "cikas" ce ta fi dacewa da ita, ba "matsala" ba. Zazzaɓi problem ne a kowane hali, amma ba ya zama obstacle sai ya hana ɗalibi shiga ɗakin jarrabawa. Idan babu wata manufa da aka tare, kalmar ba ta zauna daidai ba.

Wajen amfani, suna ce da ake ƙirgawa, don haka ana cewa an obstacle ko obstacles. Kalmar da ke bin ta ita ce to, ba of ba: an obstacle to peace. Idan aikatau ne zai biyo baya, sai ya ɗauki -ing, kamar an obstacle to getting a job, kuma a nan ne hatta masu digiri suke tuntuɓe. Aikatau da suka saba tafiya da ita su ne face, overcome da remove. Solve kuwa ta problem ce, kada a haɗa su.

Akwai kuma hurdle, wadda asalinta shinge ne, irin wanda 'yan tsere ke tsallakewa, kamar a tseren tsallake shinge na mita 100 da 'yar Najeriya Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a shekarar 2022. Ana amfani da kalmar ga cikas ɗin da yake mataki ne a jerin matakai, kamar ganawar neman aiki bayan an ci jarrabawar rubutu.