Ɗana ya daskare a kan dandamali, kakarsa ta ce kambun baka ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 11. Yaƙi ne ya taso mu daga Sinja a 2024, yanzu muna Gadarif, duk a nan Sudan. An zaɓe shi ya fito a sarki a wasan da makarantarsu za ta kai dawra madrasiyya (gasar makarantu), ya haddace komai, har a barci yana maimaitawa. Ranar gwajin ƙarshe a gaban iyaye sai ya tsaya ƙiƙam, baki ya ƙi buɗuwa. Ustaz, wato malaminsu, ya ba wani yaro sarautar, shi aka mai da shi dogari. Kwana goma ke nan ko hanyar wajen ba ya son bi. Kakarsa ta ce kambun baka ne, har an kai shi wajen faki (malami mai ba da magani) an yi masa bakhra, wato turare da hayaƙin takardar da aka yi wa rubutu. Ina cikin damuwa. (Wata uwa, Gadarif)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya shi. Ki kwantar da hankalinki, a shekarun da na yi ina koyar da wasan kwaikwayo babu zangon da ban ga irin wannan ba.

Amma bari in fara da bakhra, don ita ce ta tsaya min a rai. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma Falaƙi da Nasi nake tofa wa nawa. Abin da na gaji da shi shi ne duk yaron da ya kakare a gaban jama'a, kafin magariba an samo wadda ta kalle shi. Yaron da ya fuskanci idanu ɗari, jikinsa ɗauka yake haɗari ne ya zo: sinadarin adrenalin ya kwarara, zuciya ta hau dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, haddar da ke kai ta toshe na ɗan lokaci. Ba ta ɓace ba. Ki tambaye shi a tsakar gida, zai zubo miki ita tsaf. Wane irin kambun baka ne ke kamawa a dandamali ya saki a gindin murhu?

Ga ɓarnar kuma. Da kun ce masa baki ne, kun koya masa cewa idon mutane makami ne, alhali wasan kwaikwayo ba komai ba ne face tsayawa a gaban ido. Na taɓa samun wata yarinya da aka lulluɓe da tobe (mayafi) aka turara har ta shaƙe da tari, ta dawo da laya a damtse, kuma ta rantse ba za ta hau ba sai da ita. Ranar da layar ta faɗi a bayan labule, wasan ya faɗi da ita. Shi kuwa mai bakhrar ya karɓi kuɗinsa, ya ce a dawo Laraba. Kullum a dawo Laraba! Marigayi Tijani al-Mahi, uban likitancin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, da malaman mihaya (rubutun sha) ya yi aiki, bai raina su ba, amma bai bar musu ganewar cuta ba. Mu kuwa yau saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya ishe mu yanke hukunci.

Ki bar kaka da addu'arta, ki dakatar da hayaƙin. Kada kuma ki je ki tayar wa ustaz da hankali a mayar da sarautar, yaro zai koyi cewa kuka ke ba da rawani. Ki ce masa kin san abin ya yi ciwo, sannan ki yi shiru ki saurara. "Ai ba komai" ba lallashi ba ne a wajen wanda ya yi wata guda yana hadda.

Dogarin nan kada ki raina shi. Tun zamanin Bakhtur Rida, kwalejin horar da malamai da aka buɗe a 1934, malamai ke amfani da wasa don koyar da yara magana, ba don fitar da taurari ba. Yaron ya faɗi maganar dogarin a gabanki, gobe a gaban mutum uku, jibi a tara yaran maƙwabta. Ya haddace kalmar ƙarshe ta wanda ke magana kafin shi, don galibi a nan ake sarƙewa. Kafin ya fita, ya ja numfashi ya sake shi a hankali sau huɗu. Ki roƙi ustaz ya tsayar da mai tuni kusa da shi a bayan labule.

Abu ɗaya ki bincika min: me ya faru daf da ya daskare? Yaran da suka ji ƙarar dana (harsashin igwa), lasifika na yin ƙara ko ganga ta buga ba zato sai jiki ya sandare. In haka ne, ko yana firgita cikin dare, ko fitsarin kwance ya dawo, ko ƙin makaranta da abinci ya haura mako biyu, to maganar ta wuce wasa. Ki kai shi asibiti ki nemi mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara, ki faɗa masa daga Sinja kuka fito.