Tambaya da Amsa: Tuƙa ƙaramin jirgin iska a gaɓar tekun Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Hutun Disamba zan kai iyali Legas, kuma ina sha'awar gwada ƙaramin jirgin nan mai ƙyalle da iska ke turawa. Na iya iyo, a kogin Galma na koya. Me ya kamata in sani? Daga wani mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Iyon Galma zai taimaka, amma kada ka dogara da shi, domin teku cika take yi tana janyewa sau biyu a kusan kowace awa 25, ruwan kuma jan mutum yake yi. Ranar farko ka shiga tare da wanda ya ƙware, a ruwan da ke da kariya irin na Tarkwa Bay, ba a buɗaɗɗiyar teku ba.

Abubuwa uku ne a hannunka. Akwai igiyar da ke riƙe da sandar kwance ta ƙasan ƙyallen: ka ja ta, ƙyalle ya kama iska; ka sassauta, iska ta zube, jirgi ya rage gudu. Jirgin ba shi da birki, wannan igiyar ce birkinka, saboda haka a hannu ake riƙe ta, ba a ƙulle ta. Akwai sandar tuƙi a baya, wadda ke rikita sabon shiga: ka tura ta hagu, hancin jirgi ya yi dama. Sai allon da ake zurawa ta tsakiyar jirgi zuwa cikin ruwa. In an manta ba a sauke shi ba, jirgi zai riƙa zamewa a kaikaice maimakon ya ci gaba.

Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakarsa ya karkace da kusan digiri 45, ya yi dama, ya juyo hagu, a haka ake cin tazara. Duk lokacin juyawa sandar kwancen nan tsallakowa take yi daga gefe zuwa gefe, to ka sunkuya, musamman in iskar ta bayanka take, domin a nan ne take zuwa da ƙarfi ta fasa kai.

Wanda ya fi damun mu shi ne watan da ka zaɓa. Yawancin shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga teku zuwa tudu, ko ka kasa tuƙi za ta turo ka gaɓa. A wasu ranakun Disamba da Janairu kuwa hunturun nan namu na Zariya yakan sauka har can, daga arewa maso gabas. Sai ka ga ruwan bakin gaɓa lumui, fita ba wuya, amma tsakiyar teku iskar take kora ka, ga hazo ya rufe tudu. Irin wannan rana a haƙura. Sauran ranaku, ka fara tafiya ta ɓangaren da iska ke fitowa, domin dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Iskar kilomita 10 zuwa 18 a awa ta ishi mai koyo. In farin kumfa ya yawaita a kan igiyar ruwa, ta fi ƙarfinka. Ka nisanci mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, ba sa iya tsayawa dominka. Ka dawo kafin la'asar sakaliya.

Tambaya: In jirgin ya kife fa? Kuma yara za su iya shiga? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kifewa ba baƙon abu ba ne ga irin wannan jirgi, kuma ba ya nutsewa in rumbunan iskarsa, wato rufaffun wuraren da ke cike da iska a jikinsa, a toshe suke. Kada kowa ya bar shi ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa. Daga nesa jirgi ake hangowa, ba kan mutum ba. A ƙirga mutane, a saki igiyar ƙyalle, mutum ɗaya ya zagaya ya danna allon nan da nauyin jikinsa har jirgin ya miƙe, sannan a hau ta baya a kwashe ruwa. In ba a saki igiyar ba, yana miƙewa zai kama iska ya tafi ya bar ku.

Yara za su iya shiga, amma da rigar kariya, wato mai hana nutsewa, daidai nauyinsu, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Ki ɗaga rigar ta kafaɗa. In ta haura kunnen yaro, ta yi masa yawa, a canza. Dogon hijabi da babbar riga suna shan ruwa, suna kuma sarƙewa da igiya, gara ƙaramin hijabi a cusa shi cikin rigar kariyar. Kowa ya tafi da ruwan sha kamar lita ɗaya, waya a cikin leda mai zif, kuma a faɗa wa wani a tudu lokacin da za a dawo.