Ciyar da ƙudan zuma in fure ya yi wuya

Tambaya: Malam, ina da amya 3 a bayan gidana a Hotoro. Fure ya yi ƙaranci, ƙudan sun fara guduwa. Me zan ba su?

Amsa: Ɗan'uwa, yunwa ce, ni ma na taɓa rasa amya haka. Ka dama farin sukari kilo 1 a lita 1 ta ruwan ɗumi, kada ka tafasa. Zuba a faranti da yamma, ka jera karare a ciki don kada su nutse. Na sha tsince su matattu a kwano, abin ba daɗi. Sukari ƙarfi kawai yake bayarwa. 'Ya'yansu na bukatar garin fure, wato ƙurar da suke kwasowa daga fure, sai ka kwaɓa garin waken suya da yis ka ba su a madadinsa. Kada ka ba su zumar kasuwa, tana ɗauko cuta. Mangwaro na yin fure, ka daina.