Kawu, ga dalilin da muke sayen ganyen Lahadin Dabino

Kawu, ina gaisuwa da ladabi. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, wai ikilisiya ta ware kuɗi don ganyen da yara ke sarowa kyauta a bayan gari a Numan. Nan Minesota a Amurka, lokacin Ista sau da yawa ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, kuma ko giginya ɗaya ba ta rayuwa a sanyin nan. Dole a kawo daga nesa.

Wanda muke ɗagawa ganyen shate ne, wani ɗan gajeren icce dangin kwakwa da ke tsirowa a inuwar manyan itatuwa a dajin Peten na Guwatemala da kudancin Meziko. A da, dillalai kan biya masu yanka gwargwadon yawan abin da suka tara. To, kowa sai ya aske icce tas, mai kyau da mai tabo, a je wurin tantancewa a zubar da tuli guda. Daji na ƙarewa, mai yankan kuma bai fita daga talauci ba.

A 2005 Jami'ar Minesota da wasu coci-coci suka soma shirin Eco-Palms. A wannan shiri kyawun ganye ake biya, don haka mai yanka yakan zaɓa, ya bar wa iccen abin da zai sake toho. Tantancewa da ɗaurewa ma a ƙauyukan ake yi, irin su Carmelita da ke cikin gandun dajin Maya, galibi mata ne ke samun wannan aikin. Akwai kuma ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane ganye, da ke komawa ga karatun yara da sauran buƙatun ƙauye. Masu duba daji kan bi sawu kafin a ba ƙauyukan takardar shaida.

Ya fi tsada, ba shakka, kuma a taron kasafi ba a rasa dattijon da zai yi gunaguni. Ni dai ina bayan masu saye, ko da yake rabonmu a kasuwar kaɗan ne: mako guda muke nema a shekara, masu shagon furanni kuwa kullum suna kwasa don biki da jana'iza. Ragowar namu ajiyewa ake yi, a ƙone, a shafa a goshi ranar Larabar Toka ta baɗi.